RA'AYINMU: In Yaronka Ya Ɓata, Wa Zai Fita Nemansa?

Kaka ta wuce, an ɗaure damma an kai rumbu. Wanda ya samu ya gode wa Allah, wanda bai samu ba ya shiga lissafi. Daga yanzu har faɗuwar ruwan fari, duk wanda ya yi sammako zuwa tashar Tasawa ko ta Mayahi ranar kasuwa zai tarar da abin da muka saba gani har ya daina ba mu tsoro: samari a tsattsaye, kowa da ƴar jakarsa da bargonsa, suna jiran mota ta cika. Cikinsu akwai magidanta da suka san hanya, akwai kuma waɗanda ko gashin baki bai tsiro musu ba, ƴan shekara 14, 15, 16. Wasu Maraɗi za su, wasu Katsina ko Kano. Wasu kuwa arewa suka nufa: Damagaram, Tanut, Agadas, daga nan sai inda Allah ya kai su. Galibinsu sai da suka durƙusa gaban tsofaffinsu aka sa musu albarka kafin su fito. Wannan albarkar ita ce abin da muke so mu auna a wannan mako, tare da ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu karanta mu.

Mai karatu zai yi mamaki in muka soma da labarin teku, mu da ƙasarmu ba ta da gaɓa ko ta taki ɗaya. Amma a can ne aka yi wata muhawara da ya kamata a ce mu ne muka riga kowa yin ta.

A shekarar 2009, wata yarinya ƴar ƙasar Holand mai suna Laura Dekker, tana da shekara 13, ta ce za ta zagaya duniya ita kaɗai cikin ƙaramin jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa. Ubanta ya amince. Hukumar kare yara ta ƙasar ta ce ba ta amince ba, ta kai magana gaban alƙalai a birnin Utrecht, kotu ta tsayar da tafiyar ta kuma sa yarinyar ƙarƙashin kulawar hukuma. Kusan shekara guda ana kai-kawo. Sai da aka samo mata jirgin da ya fi na farko girma, ta koyi agajin gaggawa, ta koyi yadda mai tuƙi shi kaɗai yake raba barcinsa, kafin a watan Yuli na 2010 kotu ta ɗage hannu ta mayar da hukunci ga iyaye. Ta tashi a watan Agusta na shekarar, ta kammala zagayenta ranar 21 ga Janairu 2012 a tsibirin Sint Maarten, tana da shekara 16. Kafin ita, Jessica Watson ta ƙasar Ostireliya ta bar Sydney a watan Oktoba na 2009 ta komo ranar 15 ga Mayu 2010, bayan kwana 210 a kan ruwa, saura kwana uku ta cika shekara 17.

Ta ukun ba ta kai ga gaci ba, labarinta kuwa shi ya fi shafar mu. Abby Sunderland, ƴar Amurka mai shekara 16, ta tashi daga Kaliforniya a watan Janairu na 2010. Ranar 10 ga Yuni guguwa ta karya sandar jirginta a tsakiyar tekun Indiya, fiye da kilomita 3,000 daga gaɓar Ostireliya. Ta danna na'urorin neman agaji, tauraron ɗan Adam ya nuna inda take. Hukumomin Ostireliya suka yi shatar babban jirgin sama na kamfanin Qantas ya je ya hango ta, ranar 12 ga wata wani jirgin kamun kifi na Faransa ya ɗauke ta da ranta. Jaridun duniya suka yi ca a kan iyayenta: wasu na cewa ganganci ne, wasu na cewa tarbiyyar jarumta ce. Masu littafin Guinness ma sun daina rubuta sunan wanda ya fi kowa ƙuruciya a irin wannan tafiya, don kada neman suna ya riƙa tura yara cikin halaka.

Ba mu cikin masu tafa wa iyayen waɗannan yara. Uban da ya bar ƴarsa mai shekara 16 ta kwana wata da watanni cikin teku ita kaɗai caca ya yi da rai, ko da ya ci. Amma adalci ya sa mu duba abin da ke ƙarƙashin cacar tasa. Yaran nan sun saba da jirgi tun suna ƙanana. An shekara ana shirya su. Suna da wayar tauraron ɗan Adam, da abincin watanni, da mutane a tudu masu bin sawunsu dare da rana. Ɗaya daga cikinsu sai da alƙali ya auna hankalinta da kayan tafiyarta. Ran da ɗaya ta shiga uku, ƙasashe biyu suka tashi nemanta, cikin kwana biyu aka same ta. Duk da haka rabin duniya ya ce iyayen sun yi laifi.

To mu fa? Namu tekun na rairayi ne, ya kuma fi nasu rashin imani, don shi ko ruwan da za a ɗanɗana babu. Tsakanin Agadas da Dirku fiye da kilomita 600 ne na Tenere. Yaron Urafan ko na Kanambakashe da aka ɗora a bayan Hilux, yana rungume da sandar da aka kafa don kada ya faɗi, ba shi da na'urar neman agaji, ba shi da taswira, ba ya jin harshen direba, sau da yawa ko takardar haihuwa ba shi da ita. Ba ya tafiya shi kaɗai in ƙidayar kawuna ake yi, tun da sun kai ashirin ko fiye a mota. Amma cikin ashirin ɗin babu wanda ya san sunan ubansa, babu wanda za a tambaya in bai iso ba. Wannan ita ce kaɗaitar da muke nufi, ta kuma fi ta mai jirgin ruwa tsanani.

Kada wani ya ce muna zuzutawa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu biyu ne suka lalace a kan hanyar Tamanrasat, ƙishirwa ta kashe su. Galibinsu mutanen ƙasar Kance ne, maƙwabtanmu na gabas, masu harshe irin namu da gona irin tamu. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya, aka yi jawabai, aka watse. A watan nan dai, ranar 3 ga wata, fiye da mutum 360 suka nutse a bakin tsibirin Lampedusa na Italiya. A 2017 wasu 44 suka mutu da ƙishirwa a kan hanyar Dirku. Wanda ya tsallake rairayi kuma ya matsa gaba, teku na gaske yana jiran sa: hukumar ƙaura ta duniya, OIM, ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓata a Bahar Rum daga 2014 zuwa 2024, UNICEF kuma ta ce a shekarar 2016 kaɗai yara fiye da 25,000 suka sauka Italiya ta ruwa ba tare da wani babba nasu ba. Gaskiya ne ƴaƴanmu ba su cika zarcewa Turai ba, Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya irin su Jado su ne iyakar yawancinsu. Sai dai hanyar ɗaya ce, ƙishirwar ma ɗaya.

A Senegal an kai irin wannan magana gaban shari'a. A watan Oktoba na 2020 wani yaro ɗan shekara 14 ya rasu cikin kwalekwale a kan hanyar zuwa Turai, inda aka yi masa alkawarin makarantar ƙwallon ƙafa. Ubansa ne ya biya masu fito jikka 250. A watan Disamba kotun garin Mbur ta yanke wa uban ɗaurin shekara biyu, wata ɗaya a gidan kaso sauran na jeka-ka-gyara-halinka, bisa laifin jefa ran wani cikin haɗari. Ba muna roƙon a cika gidajen kasonmu da tsofaffin da baƙin ciki ya riga ya ɗaure ba. Abin da ya kamata mu ɗauka daga hukuncin shi ne: yardar uba aiki ce da za a tambaye shi a kanta, a nan duniya ma kafin a je can.

Mun san amsar da za a ba mu, mun sha jin ta a majalisa da bakin kasuwa. Za a ce Bahaushe da tafiya aka san shi, tafiya mabuɗin ilimi, zomo ba ya kamuwa daga zaune, kakanninmu ma suna yara suka fara fatauci. Duk gaskiya ne. Amma a faɗi gaskiyar har ƙarshenta. Fataken da suke zuwa Gwanja ɗauko goro ba ɗaiɗai suke tafiya ba. Ayari ne mai madugu, mai jagaba da ya san kowane mashigi, mai uban dawaki, har da malamin ayari. Yaron da aka saka ciki yaron wani ne, an damƙa shi hannu da hannu, a kowane zango akwai fatoma da ya san maigidansa. Ayarin gishiri mai ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ba ya ɗaga ƙafa sai da madugun da ya san taurari da rijiyoyi. Hatta Baturen nan Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, cikin ayarin gishirin Abzinawa ya gangaro daga Ayar, bai yarda ya bi hanya shi kaɗai ba. Malamanmu kuma ba su daina tunatar da mu ba cewa addini ya ƙi wa mutum tafiyar kaɗaici. Al'adar da ake kafa mana hujja da ita ta yarda yaro ya yi tafiya, ba ta taɓa yarda a sake shi ba mai riƙo ba. Mun riƙe tafiyar, mun yar da madugun.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba ma kuma raina ta. Ita ce ta rumbu. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutum wajen miliyan 3.4, Tasawa da Mayahi kowace ta haura rabin miliyan. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Magidancin da hatsinsa ba zai kai shi bazara ba, in yaro ya tafi, baki ɗaya ya ragu a kan tukunya, in kuma Allah ya sa ya aiko da wani abu, an sayi tiya an fanshi gonar da aka jinginar. Yarinyar da aka tura aikatau birni don ta haɗa kayan ɗaki, ita ma lissafin ke nan. Wanda albashi ke shigo masa ƙarshen wata ba shi da bakin yi wa irin wannan uba wa'azi daga kan kujera. Mun yarda. Amma talauci yana bayyana dalilin tafiya ne kurum, bai zaɓa wa yaro hanyar da ta fi kowace kisa ba. Tsakanin tallan ruwa ko dako a Maraɗi, inda kawu zai iya zuwa ya dubo shi cikin yini guda, da bayan mota a Tenere, akwai tazarar rai da mutuwa. Uban da ya sayar da akuya ya yi wa ɗan shekara 15 kuɗin motar Sabha, ya sani ko bai sani ba, ya ɗora wa yaro kayan da shi kansa yake tsoron ɗauka.

Hujja ta uku ita ce: ko an hana su, guduwa suke yi. Wannan ma yana faruwa. Yaro ya ga tsaransa ya komo daga Libiya da babur da babbar waya, ya ga hotuna a WhatsApp, ya ji ƴan mata na yi wa wanda bai taɓa fita ba shaguɓe. Wanda ya komo da babur kowa ya gan shi. Wanda aka zubar a wurin nan da ake kira Point Zéro, ya taka kilomita 15 cikin rairayi kafin ya kai Asamaka, ba ya ba da labari a dandali. Wanda bai komo ba kuwa, uwarsa kaɗai ke ƙidayar shekaru. Amma yaron da ya gudu da kuɗin wa ya gudu? Wa ya sayar masa da tikiti? Shingaye nawa ya wuce tsakanin Tasawa da Agadas, jami'ai nawa suka dube shi suka ga yaro ne, suka karɓi abin da suka karɓa suka ɗaga igiya? Gudun yaro ba ya wanke manya, tona su yake yi.

Saboda haka matsayin wannan jarida a fili yake. Yaron da bai cika shekara 18 ba, wanda yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Nijar ta amince da ita tun 1990, ta kira shi yaro, bai kamata a sa masa albarkar ratsa hamada ko teku ba, komai ƙarfin jikinsa, komai nacinsa. Ƙarfin hali ba ya maganin ƙishirwa. Cin rani na kusa kuwa, wanda ba mu da ikon hanawa ba mu kuma ga dalilin hanawa ba, sai uba ya iya amsa tambaya uku kafin ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Hannun wa zan damƙa shi, da sunansa da unguwarsa da lambar wayarsa? In wata ya wuce ban ji ɗuriyarsa ba, wa zai fita nemansa? In abin ya ƙi, da wane kuɗi zai komo gida? Uban da ba shi da amsar ukun nan sallamar ɗansa ya yi, ko da ya kira abin albarka.

Ku ƴan kasuwa, maganar nan ta fi kusa da ku fiye da yadda kuke zato. Ku ne magadan madugai. Yawancinku a shagon wani kuka fara, kuna share ƙofa kuna ɗauko shayi, har aka yaye ku da jari. Wannan makarantar ita ta gina kasuwar Maraɗi, ita ce kuma take mutuwa a hannunku tun da kuka fi son ɗan aikin yini da za a sallama da maraice a kan yaron gida da za a riƙa. Kowane Alhaji mai sito na wake ko aya ko riɗi da ya ɗauki yaro biyu daga ƙauyen da yake sayen kaya, ya koya musu awo da lissafi, ya rage wa Tenere mutum biyu. Mai ba da rancen kuɗin mota kuma, da ɗan kamashon da ke cika mota, su tambayi shekarun wanda za a ɗauka. Riba ce ƙarama in aka gwada ta da ta'aziyyar da za a je yi.

Ku ma'aikata, naku ya fi sauƙin faɗa. Malamin lakwal ko na kwaleji shi ne mutum na farko da ke ganin benci ya zama wayam bayan kaka. Ya rubuta sunan, ya je gidan, ya sanar da maigari, kada ya jira ƙarshen shekara ya ja layi. Ma'aikacin ofishin rajistar haihuwa ya sani yaron da ba shi da takarda ba a iya tabbatar da shekarunsa a shinge, ba a kuma iya gane gawarsa. Jandarma da ɗan sandan da ke kan hanya su sani igiyar da ke hannunsu ita ce dama ta ƙarshe da yaro yake da ita ta a mayar da shi gida. Sarakunan kanto da masu gari, waɗanda babu baƙon da ke kwana a ƙasarsu ba su sani ba, ba za su ce ba su san ƴaƴan da ke fita ba. Littafi guda a kowane gari, mai sunan yaron da ya tafi da inda ya nufa da wanda ya karɓe shi, ba ya bukatar tallafin wata ƙasar waje.

Hukuma kuma ta daina duban hanyar arewa da idon baƙi kaɗai. Dokar 2015-36 ta ranar 26 ga Mayu 2015, wadda aka yi da matsin Turai don hana safarar baƙin haure, ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci, ta kuma sa da yawa sun kauce wa hanyar rijiyoyi sun bi ta ɓarayi inda babu mai ceto. A watan Nuwamba na 2023 aka soke ta. An yi ta gardama kan kafa ta, an yi kan soke ta, amma a duk gardamar biyu maganar Turai da ƴancin ƙasa da tattalin arzikin Agadas ake yi, ba mu ji an ambaci ɗan shekara 15 na Korgom ko Maijirgi ba. Buɗe hanya ga baligi haƙƙinsa ne. Yaro kuwa kariya yake bi bashi. Muna kira da a hana kowace tasha sayar wa yaro tikitin arewa in ba da babba nasa da takardar izinin iyaye ba, a kuma hukunta wanda ya karya. A ƙarfafa cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi da kayan aiki na gaske, a tallafa wa noman rani a fadamun Gulbin Kaba, don saurayi ya samu abin da zai riƙe shi tsakanin kaka da damina. Gwamnatin da ba ta da jirgin da za ta aika neman ɓataccen yaro a hamada, wajibinta ya ninka na ta tare shi tun a tasha.

A ƙarshen shekarar 2018, fiye da shekara takwas bayan haɗarin, aka hango jirgin Abby Sunderland a kife yana yawo kusa da gaɓar Ostireliya. Jaridu suka buga hotonsa, mai shi tana gida da ƴaƴanta ta gani. Mu a nan akwai gidaje a ƙasar Tasawa da Mayahi da ko takalmin ɗansu ba a kawo musu ba, ba su san ko su yi sadakar uku ko su ci gaba da jira ba. Kafin motocin bana su gama cika, kowane uba ya zauna da ɗansa ya yi wa kansa tambayoyin nan uku. In amsa ta samu, Allah ya kiyaye hanya. In ba ta samu ba, hana shi shi ne albarkar.